KUƊIN FITON ƘARFE A AMURKA: WA YA BA SHUGABA IKON, KUMA ME ZAI ISO TEMA?

Duk mai bin labaran duniya a rediyo tun daga shekarar 2018 ya sha jin cewa shugaban Amurka ya ƙara kuɗin fito a kan ƙarfe da alminiyam, wanda wasu ke kira sanholo. Da yawanmu mukan ji labarin mu wuce, muna ganin magana ce ta manyan ƙasashe wadda ba ta shafi mutumin Nima ko na Aboabo ba. To, amma mu a zango ƙarfe sana'armu ce. Akwai maƙera da masu walda, akwai masu zuba tukunyar alminiyam, akwai masu saye da sayar da tsofaffin ƙarafa, ga kuma duk magidancin da ke tara 'yan kuɗinsa don ya sayi rodi da kwanon rufi. Saboda haka ya kamata mu zauna mu fahimci yadda aka yi mutum ɗaya ya sami ikon motsa farashin ƙarfe a duniya da sa hannu guda, da kuma ta inda abin ke biyowa har ya iso gare mu.

Da farko dai, mai karatu, mu gane wanda ke biyan kuɗin fito, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Idan kamfani a Amurka ya sayo tan ɗaya na ƙarfe daga Kanada a kan dala 600, alal misali, kuma kuɗin fito ya zama kashi 25 cikin 100, to dala 150 za a biya a kwastan. Wannan kamfani na Amurka da ya shigo da kayan shi ne zai biya, gwamnatin Kanada ba ta ba da ko kwabo. Shi kuwa ba zai yarda ya yi hasara ba, sai ya ɗora kuɗin a kan mai ƙera mota ko mai yin gwangwani, su ma su ɗora a kan mai saye. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema ya san wannan lissafi ba sai an koya masa ba.

Tsarin mulkin Amurka ya faɗa ƙarara, a sashensa na farko, cewa ikon aza haraji da kuɗin fito da tsara ciniki da ƙasashen waje na Majalisar Dokoki ne. Shugaba bai da rabo a ciki. Haka kuwa aka yi ta tafiya shekara fiye da ɗari, 'yan majalisa su ne ke zama su yanka wa kowane kaya kuɗinsa, kowa yana jan ruwa zuwa gonar jiharsa. Wannan hali ne ya haifar da dokar da ake kira Smoot-Hawley a 1930, wadda ta ɗaga kuɗin fito a kan kayayyaki fiye da 20,000. Masana tattalin arziki sama da 1,000 sun rubuta wa Shugaba Hoover suna roƙonsa kada ya sa hannu, amma ya sa. Kanada da ƙasashen Turai suka rama, cinikin duniya ya durƙushe a daidai lokacin da ake cikin matsanancin karayar arziki. Daga nan majalisar ta gane cewa ba ta iya riƙe wannan wuƙa ba tare da ta yanki kanta ba. A 1934, zamanin Shugaba Roosevelt, ta yi dokar da ta ba shugaba izinin sasantawa da ƙasashe ya rage kuɗin fito har da rabi. Niyyar dai ita ce a sauƙaƙa ciniki, domin a ganinsu shugaba yana duban ƙasa gaba ɗaya, ɗan majalisa kuwa mazaɓarsa kaɗai yake gani.

Dokar da ta fi shafar maganarmu ita ce ta faɗaɗa ciniki ta 1962, wadda Shugaba Kennedy ya sa wa hannu. Wannan Kennedy ɗin dai shi ne a ƙarshen 1961 ya amince Amurka ta ba da rance don aikin kogin Volta na zamanin Nkrumah, za mu dawo kan wannan a gaba. A cikin dokar akwai wani ɗan sashe mai lamba 232. Abin da ya ce shi ne, idan ana zaton shigowar wani kaya tana barazana ga tsaron ƙasa, sai a yi bincike. Yau Ma'aikatar Ciniki ce ke yin binciken, tana da kwana 270 ta kai rahoto, shugaba kuma yana da kwana 90 ya yanke shawara. In ya yarda akwai barazana, to ya ɗauki matakin da ya ga ya dace don daidaita shigowar kayan. Dokar ba ta faɗi iyakar kuɗin da zai aza ba, ba ta faɗi tsawon lokacin da zai yi ba, kuma ba ta ce sai ya koma majalisa neman yarda ba. Bugu da ƙari, ta ce a yi la'akari da cewa lafiyar tattalin arzikin ƙasa tana da kusanci da tsaronta. Da wannan jimla ɗaya, kusan kowace masana'anta da ke kukan gasa tana iya shiga ƙarƙashin laimar tsaro.

Shekara da shekaru wannan sashe yana kwance, ba a cika taɓa shi ba sai a kan man fetur. Shugaba Ford ya yi amfani da shi a 1975 ya aza kuɗi a kan man da ake shigowa da shi, aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1976 cewa yana da iko. Carter ya hana shigo da man Iran da shi a 1979, Reagan ya hana na Libiya a 1982. Har an taɓa yin bincike a kan tama da ƙarfe a 2001, aka ce babu wata barazana ga tsaro. Shi ya sa da Shugaba Bush ƙarami ya so kare masana'antun ƙarfe a watan Maris na 2002, sai ya bi ta wata doka dabam ta 1974, ya aza kuɗin da ya kai kashi 30 cikin 100. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce ya saɓa ƙa'ida, Tarayyar Turai ta yi barazanar aza nata a kan lemon jihar Fulorida da wasu kayayyaki, sai ga shi a watan Disamba na 2003 Bush ya janye. A wancan zamani akwai alƙali, kuma ana jin maganarsa.

Shugaba Trump ne ya tada sashe na 232 daga barci. A watan Afrilu na 2017 aka fara bincike a ƙarƙashin Sakataren Ciniki Wilbur Ross, a watan Maris na 2018 kuma aka aza kashi 25 cikin 100 a kan ƙarfe da kashi 10 a kan alminiyam. Wani abin lura shi ne, Sakataren Tsaro na lokacin, James Mattis, ya rubuta cewa abin da sojojin Amurka ke buƙata na waɗannan ƙarafa bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasar ke narkawa da kanta ba. Wato mai kula da tsaron da kansa bai ga yunwar ƙarfe a barikin soja ba. Babban mai ba shugaba shawara kan tattalin arziki, Gary Cohn, ya ajiye aiki a cikin makon. Shi kuwa Trump ya fito ya ce yaƙin ciniki abu ne mai kyau kuma mai sauƙin ci.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙasar Sin, kuma a gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sin tana narka fiye da rabin ƙarfen duniya, wajen tan miliyan dubu a shekara, da taimakon gwamnati da rance mai sauƙi, kuma abin da ya yi mata yawa takan zubar da shi a kasuwannin waje da araha. Wannan ya karya masana'antu a ƙasashe da dama. Sai dai ƙarfen Sin da ke shiga Amurka kai tsaye kaɗan ne ƙwarai, don tun da can an riga an tare shi da wasu haraji. Waɗanda suka fi sayar wa Amurka ƙarfe su ne Kanada da Birazil da Meziko da Koriya ta Kudu, alminiyam kuwa fiye da rabin wanda ake shigowa da shi daga Kanada yake, inda ake da wutar lantarki mai araha daga madatsun ruwa na lardin Kubek. Aka yi niyyar jifan ɓarawo, dutsen ya faɗa kan maƙwabci. Firayim Ministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya ce cin fuska ne a kira ƙasarsa barazana ga tsaron Amurka alhali sojojinsu sun mutu tare a fagen fama.

Ramuwar da ta biyo baya tana da abin koyo, domin ba da ka aka yi ta ba. A watan Yuni na 2018 Tarayyar Turai ta aza kuɗi a kan kayan Amurka na yuro biliyan 2.8, ta zaɓi baburan Harley-Davidson da ake ƙerawa a jihar Wiskonsin, mahaifar kakakin majalisar wakilai na lokacin, da barasar jihar Kentaki, mazaɓar jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa, ta haɗa da wandon jins da ruwan lemo. Kanada ta rama a kan kaya na dalar Kanada biliyan 16.6 daga 1 ga Yuli. Meziko ta taɓa naman alade da cuku da tuffa, Sin ta taɓa kayayyaki 128, Indiya ta bi baya a 2019. Kowa ya nemi inda zai yi wa ɗan siyasa zafi a gidansa. Manomin da bai taɓa shiga masana'antar ƙarfe ba sai ya wayi gari kayansa sun yi kwantai, kamfanin babura kuma ya sanar cewa zai mayar da wani sashe na aikinsa ƙetare.

To, riba aka ci ko hasara? Hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto a watan Maris na 2023 a kan shekarun 2018 zuwa 2021. Ta gano cewa masu shigo da kaya na Amurka su ne suka ɗauki kusan dukan nauyin kuɗin. Ƙarfen da harajin ya shafa ya ragu wajen shigowa da kashi 24 cikin 100, amma abin da ake narkawa a gida ya ƙaru da ƙasa da kashi 2 kawai. A shekarar 2021 masana'antun ƙarfe da alminiyam sun ƙaru da kaya na dala biliyan 2 da 'yan kai, masana'antun da ke sayen ƙarfen su sarrafa kuwa sun ragu da wajen dala biliyan 3.5. Dalilin a fili yake. Masu aikin narka ƙarfe a Amurka ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, masu aiki a inda ake amfani da shi, daga motoci da injunan noma zuwa gine-gine, miliyoyi ne. A ganina ko ɗan aji shida aka ba wannan lissafi zai faɗi inda sikeli ya rinjaya. Amma masu narka ƙarfen suna tattare a jihohi irin su Fensilbaniya da Ohayo inda ƙuri'a ke da tsada, su kuwa masu hasarar a warwatse suke, kowa ɗan kaɗan ya taɓa shi.

Mai karatu zai ce, ina majalisa, ina kotu? Majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a a watan Yuli na 2018, mutum 88 a kan 11, cewa ya kamata a dama da ita a irin wannan shawara, amma ƙuri'ar ta nuna ra'ayi ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba. Kafin a karɓe ikon sai an yi sabuwar doka, shugaba kuma yana iya hawa kujerar na ƙi, sai an sami kashi biyu cikin uku na kowace majalisa kafin a tsallake shi. Kyauta ce da aka bayar cikin sauƙi, karɓo ta kuwa ya zama jan aiki. Masu shigo da ƙarfe sun kai ƙara cewa majalisa ta wuce gona da iri wajen miƙa ikonta, kotuna suka dogara da hukuncin 1976 suka kore su, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraren ƙarar a 2020. A waje ma haka. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yanke hukunci a watan Disamba na 2022, a ƙarar da Sin da Norwe da Suwizalan da Turkiyya suka kai, cewa hujjar tsaro ba ta tsaya ba. Gwamnatin Biden ta ce ba wanda zai faɗa wa Amurka abin da ke tsaronta, ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun ƙungiyar wadda ta daina zama tun Disamba na 2019 saboda Amurka ta hana naɗa mata alƙalai.

Wannan ya nuna abin ya wuce halin mutum ɗaya. Biden bai soke harajin ba, ya dai sassauta wa Turai da Japan da Ingila ta hanyar ba su wani adadi da za su shigar ba tare da biya ba. Da Trump ya dawo, sai ya share duk waɗannan rangwame, ya mayar da ƙarfe da alminiyam kashi 25 daga 12 ga Maris na 2025, ya ninka zuwa kashi 50 daga 4 ga Yuni, ban da Ingila da aka bari a 25. A watan Agusta aka haɗa da kayan jan ƙarfe, aka kuma ƙara nau'o'in kaya fiye da 400 masu ƙarfe a jikinsu. A nan akwai bambancin da ya kamata mu riƙe. Harajin da aka aza wa kayan Gana gaba ɗaya a 2025, kashi 10 a watan Afrilu sannan 15 a watan Agusta, a kan wata dokar ta-ɓaci ta 1977 aka gina shi, kuma a watan Fabrairu na 2026 Kotun Ƙoli ta ce wannan dokar ba ta ba shugaba ikon aza kuɗin fito ba. Hukuncin bai taɓa sashe na 232 ba. Kuma ko zumunci bai cika ceton ƙasa daga gare shi ba: a 2018 Afirka ta Kudu ta nemi a keɓe ta aka ƙi, duk da tana cikin shirin AGOA na rangwamen ciniki, Turkiyya kuwa an ninka mata zuwa kashi 50 a watan Agusta na wannan shekara a tsakiyar rigima kan wani fasto Ba'amurke da ta tsare.

Yanzu mu dawo gida. Gana ba ta cikin masu sayar wa Amurka ƙarfe mai yawa, don haka bugun ba ta ƙofa yake shigo mana ba, ta taga yake biyowa. Ƙarfe kamar ruwan sama ne a kan tudu, in aka tare shi nan sai ya nemi kwari. Turai ta gane haka tun 2018, ta kafa nata shinge na kashi 25 a kan abin da ya wuce adadin da ta ƙayyade, a watan Oktoba na 2025 kuma hukumar zartaswarta ta kawo shawarar a rage adadin da kusan rabi a ɗaga kuɗin zuwa kashi 50. A 2024 Sin ta fitar da ƙarfe fiye da tan miliyan 110, mafi yawa tun 2015. Idan manyan kasuwanni suna rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, inda ya rage a buɗe shi ne kudancin Asiya da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Ga magidanci mai gini da mai walda a Suame, wannan na iya zama sauƙi na ɗan lokaci, in darajar sidi ba ta cinye sauƙin ba. Ga masana'antun Tema masu narka tsohon ƙarfe su yi rodi, barazana ce ga aikin mutane.

Tarihin alminiyam ɗinmu ma yana da ban takaici. An gama madatsar Akosombo a 1965, kamfanonin Amurka biyu, Kaiser mai kashi 90 da Reynolds mai kashi 10, suka gina VALCO a Tema, ta fara aiki a 1967. Wutarmu suka yi amfani da ita da araha, amma garin da ake narkawa daga waje suke kawo shi, alhali ga ma'adinin a Awaso ana haƙa ana fitarwa ɗanye. Gwamnati ta sayi kason Kaiser a 2004, sauran a 2008, ta kuma kafa hukumar GIADEC a 2018 don haɗa haƙa da tacewa da narkawa a gida. Irin wannan aiki na buƙatar masu zuba jari da za su jira shekara ashirin ko talatin kafin su ga riba. Wa zai saki kuɗinsa cikin natsuwa alhali kuɗin shiga babbar kasuwa yana iya tashi daga 10 zuwa 25 zuwa 50 cikin wata uku, ba tare da muhawara a majalisa ba? Wannan rashin tabbas, a wurina, ya fi adadin harajin kansa illa ga ƙasa irin tamu.

Sai maganar tsofaffin ƙarafa, wadda ta fi kusa da tukunyar zango. Harajin 2025 bai hau kan tsohon alminiyam ba, don haka masana'antun Amurka suka riƙa sayensa da tsada daga ko'ina su narka a gida, har masu masana'antu a Turai suka yi ta kuka cewa ana kwashe musu kaya. Farashin tsohon ƙarfe na duniya ne, in ya tashi a can yakan ja na nan. Ɗan'uwanmu mai tura baro yana sayen tsohuwar tukunya da murfin inji zai so haka, mai zuba tukunya kuwa da shi ne abincin sana'arsa zai ga kayan aiki sun yi masa tsada, ga shi mai sayen tukunyar ba ta da abin ƙarawa. Su masu tsohon baƙin ƙarfe halinsu dabam ne, domin tun 2013 aka yi dokar hana fitar da shi waje don a wadata masana'antun Tema. Ke nan masu sayensu a gida suke, kuma in rodi mai araha daga waje ya matse waɗannan masana'antu, farashin kilo ne zai fara sauka a kan sikelin zango. Mutanen da aka rushe wa wurin sana'a a Agbogbloshie a watan Yuli na 2021 ba su da kitsen da za su jure irin wannan.

Makaman da Gana ke da su ba irin na Amurka ba ne, kuma ban ce abin baƙin ciki ne ba. Sashe na 174 na tsarin mulkin 1992 ya ce ba a aza haraji sai da dokar majalisa ko izinin da ta bayar. Kuɗin fitonmu kuma yana ɗaure da jadawalin bai ɗaya na ECOWAS da muka fara aiki da shi a 2016, wanda matakinsa mafi girma shi ne kashi 35 cikin 100. A wannan shekarar ce aka yi dokar kafa hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Gana, mai sauraren ƙorafin masana'antun da ke ganin ana zubar musu da kaya ƙasa da farashi. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da akantoci da za su kai takarda gabanta. Duk ranar da suka nemi a ɗaga kuɗin fito a kan rodi ko faifan alminiyam, mai walda da mai zuba tukunya da mai gini su ne za su biya, kamar yadda takwarorinsu na Amurka suka biya, don haka ƙungiyoyin masu sana'a na Suame da na zangunan Akara da Tamale suna da dalilin neman kujera a wannan zama tun kafin a yanke adadin.